Batir Ba Ya Fita Sai Ƙudan Zuma Sun Koma Gida

Kafin hayaƙin shayi ya tashi a kowane gida a Kyangunu, Kasiva Ndambuki ta riga ta jingina tsani a jikin shagonta. Shekarunta sittin da huɗu, gwiwarta ta hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma haka take hawa, taki ɗaya bayan ɗaya, da tsohon ɗankwali a kafaɗa. Abin da ke kai ta sama farantan sola ne guda biyu a kan kwanon rufi, tana goge musu ƙura da kashin tsuntsu. In ka ce ta bari wani ya hau, sai ta leƙo ka daga sama ta ce, "Wani wa? Wanda zai goge rabi ya dawo ya ce rana ce ta yi rowa?"

In ta sauko sai ta buɗe shagon. Kiransa shago ma kara ce aka yi masa, ɗaki ne na bulo da mijinta ya gina don ajiye masara. Batura bakwai ne jere a kan katako. Takan taɓa kowanne da bayan hannu ta ji ko ya yi zafi, sannan ta bi injinan feshin da ke rataye a bango, ta buɗe murfin kowanne ta shinshina. Hancin nan nata ya kunyata mata da yawa a ƙauyen nan, har da Nduku, wadda ta fi kowa kusa da ita.

"Nduku, tankin nan sau nawa kika ɗauraye shi?"

"Sau uku, Mwaitu." Haka muke kiran uwa a wajenmu.

"Sau uku a mafarki. Ɗauki ki koma rafi."

Ni maƙwabcinta ne, shingen ƙaya ne kawai tsakaninmu. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, kuma na gaji da ganin ana rataya wa masu manyan tumbi furanni a wuya saboda sun yanke ƙyalle a bakin rijiyar da ba su tona ba. Ranar Asabar da ta wuce Kasiva ta miƙa makullin shagon nan bayan shekara goma sha ɗaya. Na san babu wanda zai rubuta yadda aka yi, shi ya sa na ɗauki biro.

Da mijinta Ndambuki ya rasu, ya bar mata mangwaro 'yan aure guda arba'in da biyu, da amya goma sha ɗaya. Goma suna rataye a itatuwan bakin rafi, ɗaya a kan tsamiyar da ke daura da shago, kowacce da tambarinsa da aka ƙona mata da ƙarfe a gindi. Mutumin nan ya fi yi wa ƙudan zuma hira fiye da mutane. Kwana biyu kafin ya cika, bai ambaci gona ba, bai ambaci awaki ba. Cewa ya yi, "Maman Mutheu, kar ki bari amyoyina su yi shiru." Ta ce to. Amma wasiyya ce mai nauyi, don a wajenmu mace ba ta hawa wurin amya, ba ta taɓa ta, ba a ma son a gan ta a ƙarƙashinta. Haka muka taso muka tarar, an ce in mace ta taɓa, ƙudan za su yi ƙaura. Saboda haka wan mijinta, tsoho Mbuvi, shi ke ɗibar mata zuma duk shekara, ita kuwa sai dai ta tsaya daga nesa ta kasa kunne ta ji ƙuginsu.

Mangwaro dai babu wanda ya hana ta taɓawa. Injin feshin da marigayi ya bari irin na da ne, lita ashirin a gadon baya, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana riƙe da sanda a sama. Shekara ɗaya ta yi da shi kafaɗarta ta hagu ta tashi aiki, har yau ba ta iya ɗaga hannun ya wuce kunne. Rabin mazan ƙauyen suna Nairobi da Mombasa, matan da aka bari da gonaki kowacce da irin wannan ciwon, kowacce tana shafa man zafi tana yin shiru. Kasiva ba ta iya shiru ba. Ta sayar da bunsuru biyu, ta hau acaɓa sai garin Wote.

Mai shagon kayan gonar har yau yana ba da labarin. Ya ga mace da kwandon saƙa, sai ya sauko mata da wani ƙato mai sheƙi.

"Mama, wannan shi ne sarkinsu. Lita ashirin. Danna nan kawai ki yi ta yawonki."

"Zuba masa ruwa."

"Ruwa kuma? Ai sabo ne dal."

"In na kai shi gida iska zan riƙa zuba masa? Cika shi."

Ya cika. Ta goya, ta zaga shagon, ta fita har bakin titi ta dawo ta sauke. "Wannan na jaki ne. Kawo ƙaninsa." Ya kawo mai lita goma sha shida. Ta ja maɗaurin ta ga faɗinsa. Ta zaro matatar bakin tankin ta ɗaga ta a rana, don ruwanmu daga yashin rafi ake tono shi, kuma yashi ne ke fara kashe famfo. Ta sa ya miƙe sandar ta ga ko za ta kai kan bishiya. Ta sa ya kwance gindin ya nuna mata batir ɗin, ta tambayi awa nawa yake yi, in ya mutu ina ake samun wani, robar cikin famfon in ta yage akwai ta a nan ko sai an aika Nairobi. Mutumin ya fara gumi. Sannan ta yi tambayar da ta ba shi dariya.

"Ina hannunsa?"

"Wane hannu kuma, Mama? Ai hannun kika gudo."

"Na gudo shi, ban ce na sake shi ba. Ranar da batir ya mutu mini a tsakiyar gona da magani a tanki, kai zan kira ka zo ka hura da baki?"

Akwai wani mai haɗe da biyun, batir da hannu, a can ƙasan kaya ya sha ƙura, don ba a sayensa, wai ya yi kama da na ƙauye. Shi ta ɗauka. Ku riƙe maganar hannun nan, za mu dawo kanta.

Sayen inji daban, ciyar da shi daban. Kyangunu babu wutar lantarki a lokacin, yanzu ma turakun ne suka iso, wayar tana hanya. Da farko kasuwa take kai batir, tafiyar awa biyu, a jona shi tare da wayoyin jama'a, a dawo mata da shi da rabin ciki. Sai 'yarta Mutheu ta aiko mata da farantin sola daga Mombasa. A nan Kasiva ta tafka kuskuren da ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta ɗaure wayar farantin kai tsaye a kan batir, ta tafi coci. Ta dawo ta tarar ya kumbura kamar burodi, yana wari. Ba ta jefar da shi ba, yana nan a kan taga, kuma duk macen da ta zo koyo shi ake fara nuna mata. "Kin ga wannan? Wautata ce. Rana ba ta san ya isa ba, sai an sa mata mai tsawatarwa." Mai tsawatarwar shi ne ɗan akwatin da ta sayo daga baya ta sa tsakanin faranti da batir, mai yanke wuta in ciki ya cika.

Matan mwethya, ƙungiyar gayyarmu, suka ga tana gama bishiya arba'in kafin su gama goma. Ɗaya bayan ɗaya injina suka zama shida, batura kuwa duk aka bar su a hannunta, don ita ke da rana a kan rufi. Ta kafa dokokinta ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Ba a shanye batir har ƙarshe, in ƙarar famfo ta fara laushi a tsaya. Injin da aka ɗaura wa jan ƙyalle na maganin ciyawa ne, ba ya shiga gonar mangwaro ko da ruwan baftisma aka wanke shi. Kuma batir ba na rediyo ba ne. Sau ɗaya wasu suka lallaɓa suka ɗauki guda suka jona lasifika a gidan makoki. Ta je, ta yi ta'aziyya, ta bari aka binne mamaci, sannan ta zare wayar a tsakiyar jawabin shugaban kwamiti, ta sa batir ɗinta a kwando ta tafi. Mu da muke zaune a rana tun safe babu wanda ya ji haushi.

Duk wannan ba shi ne dalilin rubutun nan ba. Dalilin ya fara ne a shekara ta biyar, da Kithuka ya shigo mana. Dillali ne mai farar a-kori-kura, yana sayen mangwaro tun yana fure, a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kowa yana neman mafita. Bishiya ta zama tasa har girbi, feshi ma nasa. Ya zo da ƙarti huɗu da injinan fetur masu ƙarar babur, masu tura magani kamar hayaƙi ya tsallake bishiya uku. Ƙauye uku suke yi a wuni, saboda haka da rana tsaka suke feshi, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙudan zuma suka cika shi. Maganin da suke haɗawa kuwa ba ya tambayar ƙwaro sunansa.

A shekarar farko amya shida na Ndambuki suka yi shiru. A ta biyu, huɗu. Saura ɗaya tak, ta kan tsamiya, a iyakar gonarta da ta Mbuvi. Kasiva ta daina cin abinci sosai. Na sha ganinta da hantsi a tsaye a bakin rafi, ta karkata kai tana sauraren itatuwan da babu komai a cikinsu. Wata rana ta kasa daurewa, ta ɗauki tsintsiya da kwanon wanki ta shiga ƙarƙashin amyoyin ta share abin da ke zube a ƙasa. Mbuvi ya gan ta. Shi ma nasa ashirin duk sun mutu, ransa a ɓace yake, ga shi ya samu wanda zai ɗora wa. Ya kira dattawa.

"Matar ƙanena," in ji shi a gaban kowa, "da idona na gan ki a ƙarƙashin amya da tsintsiya. Tun kakanni ba a taɓa yi ba. Kin kore mana ƙuda."

Kasiva ta sauke kwanon daga kanta, ta yaye zanen da ta rufe shi da shi. Cike yake da gawar ƙudan zuma.

"Yaya, ka ce na kore su. Ga su nan, ba su je ko'ina ba. Wanda aka kora tafiya yake yi. Waɗannan kashe su aka yi. Sa hancinka ka ji."

"Ni zan shinshina kwanon wankin mace?"

"To bar shi. Kowa a nan ya san warin, ai da shi Kithuka yake muku sallama."

Babu wanda ya shinshina. Ni ma ina wurin, kuma ban ce uffan ba, don a makon nan na sayar wa Kithuka furen bishiyata goma sha biyu. Na faɗa ne don kar a ɗauka mai rubutun nan jarumi ne, kuma har yau in na tuna kunya takan kama ni. Dattawa suka yanke ta kawo akuya a wanke laifi. Ta ce akuyoyinta ba su yi wa kowa feshi ba. Ta juye kwanon a gaban ƙafafunsu ta yi tafiyarta.

Daga ranar ta ƙara doka ɗaya, wadda ta fi sauran jawo mata baƙin jini. Muddin akwai fure a kan bishiya, batir ba ya fita daga shago sai inuwar tsamiya ta taɓa ƙofa, wajen ƙarfe biyar ke nan, lokacin da ƙuda suka fara komawa gida. Kuma fure maganin fumfuna kawai za a ba shi, na ƙwari sai ya kaɗe. Mata suka yi mata ca.

"Haba Mwaitu!" in ji Nduku. "Ƙarfe biyar fa lokacin ɗora muthokoi ne. Mijina inuwar tsamiya zai ci?"

"Ɗora tun da rana. Masara da wake ba sa gudu daga tukunya."

Mata biyu suka yi fushi suka fita daga ƙungiyar, suka sayar wa Kithuka. Shi ma da kansa ya zo, ya tsaya a bakin shinge yana wasa da makullin mota, yana kiranta Susu, wato kaka. "Susu, bishiya arba'in da biyu a wuyan tsohuwa ɗaya? Ba ni su ki huta." Ta ce, "Ɗana, da in sayar maka da fure ɗaya, gara in sare su duka in yi gawayi." Ya yi dariya ya tafi, ya san akwai wata ƙofar. A Agusta mai zuwa Mbuvi ya sayar masa da furen tasa gonar, wadda ke manne da tsamiyar.

Nduku ce ta jiyo a bakin 'yan acaɓa cewa ranar Alhamis ƙartin za su zo. Kasiva ta san iskar rana daga gonar Mbuvi take busowa ta bi ta kan tsamiya. In suka yi feshi amyar ƙarshe ta tafi, wasiyyar ma ta tafi. Da gari ya fara wayewa ranar Alhamis, kafin ƙuda su fito, ta ɗauki tsanin da take goge faranti da shi, ta jingina a tsamiya, ta hau. Ta naɗe amyar da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ta rufe bakinta, ta bar 'yar kafar iska. Mace ta farko ke nan a Kyangunu da ta ɗora hannu a kan amya, kuma ba a ɓoye ta yi ba.

Amma ƙudan da aka kulle, in buhun ya bushe zafi zai dafa su a ciki. Dole ya zauna a jiƙe wuni guda. Akwai sabon inji na bakwai da ƙungiya ta sayo, bai taɓa shan magani ba. Ta cika shi da ruwa zalla, ta goya, ta koma kan tsani tana yi wa buhun yayyafi. Matsalar ita ce kwana huɗu gajimare ya rufe mana sama, kamar yadda yake yi a Agusta, batura duk sun sha aikin yamma suna jiran rana, ɗaya ne kawai a cike. Ranar kuwa, kamar da gangan, rana ta buɗe da zafinta. Nduku, wadda a da take mita, ita ce ta kama jaki tana jigilar ruwa daga rafi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya farar motar ta tsaya. Kithuka ya ɗaga kai ya ga tsohuwa a kan bishiya.

"Susu, sauko! Magani zai same ki."

"Ya same ni. Sai ka ɗauke ni a motarka ka kai ni Wote, ka gaya wa likita abin da ka haɗa."

Ya juya ya ce wa ƙartinsa su tayar da inji. Ta ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ɗankwali ta ci gaba. Ƙarar ce ta fito da Mbuvi, yana dogara sanda, da ya hango ta kuwa sai da sandar ta faɗi.

"Kasiva! Kin taɓa! Allah ya gani kin taɓa! Yanzu ko ɗaya ba zai ƙara kwana a ciki ba!"

"To, Yaya. In sun tafi ni na kore su, kawo dattawanka in ba da akuya biyu. In kuma sun zauna fa?"

Ya ɗauki sandarsa ya zauna a kan kututture daga nesa, ya zuba mata ido yana jiran ya ga ƙarshenta.

Wajen ƙarfe biyu ƙarar famfo ta yi laushi. Nduku ta ruga ta ɗauko wani batir daga kan katako, bai yi minti goma sha biyar ba shi ma ya kwanta. Ga rana a tsakiyar kai, ga hayaƙin magani yana ta ratsowa. Sai Kasiva ta miƙa hannun hagu, mai ciwon nan, ta kama hannun famfon da mai shago ya yi wa dariya. Daga shingena nake kallo. Duk bugu ɗaya sai ta cije leɓe. Ta sauko ta cika tanki, ta hau, ta buga, ta sauko, ta hau. Nduku ta matso tana hawaye.

"Mwaitu, ba ni in karɓe ki."

"Koma baya. Kina da miji, kina da suruka. Ni na riga na taɓa, kar mu zama biyu."

Haka ta yi har inuwar tsamiya ta taɓa ƙofar shago, ƙartin sun daɗe da tafiya. Da ta sauko hannun ya sandare, sai da Nduku ta yanke maɗaurin kafin aka raba ta da tankin. Washegari da safe rabin ƙauye ya taru don a ga ƙuda sun yi ƙaura. Ta hau da hannu ɗaya ta yaye buhunan. Suka fito, suka yi 'yan kewaye a sama, suka nufi furen gonarta, da rana ta yi kuma suka riƙa dawowa. Wasu sun mutu a kwanakin da suka biyo, ba zan yi ƙarya ba. Amma amyar ba ta yi shiru ba. Sau uku Kithuka ya yi feshi a watan nan, sau uku ta hau.

A Disamba sai da aka tokare rassan bishiyoyinta da gwafa. Gonar Mbuvi, wadda ta yi fure fari fat, 'ya'yan da ke cikinta yaro zai ƙirga su. Tawa ma haka. Kithuka ya ce bishiyoyin Kyangunu sun tsufa, ya juya motarsa wani ƙauyen. Bayan ruwa ya sauka daji ya yi kore, amyar tsamiya ta cika ta batse, gungu ya ɓalle daga cikinta. Duk itatuwan ƙauyen nan bai ga inda zai sauka ba sai a cikin ɗaya daga amyoyin Mbuvi da suka shekara biyu babu kowa.

Tsohon bai ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Amma da fure ya sake fitowa, wata rana da yamma sai ga shi a bakin shago.

"Matar ƙanena, an ce ana ba da aron batir a nan."

"Mata ake ba."

"To a ba uwargidata. Ni ɗan aike ne."

Ta dubi ƙasa. Inuwar ba ta kai ƙofa ba. "Saura taki ɗaya. Zauna." Ya zauna a kan jarka ya jira.

Kasiva, ke ce wadda aka ce ki kawo akuya kika kawo kwano. Ke ce kika tsaya ke kaɗai ranar da mu maza muka sunkuyar da kai, masu ilimi da marasa shi. Ba ki yi makaranta ba, amma ke kika koya wa ƙauye guda cewa inji ba ya da hankali sai na mai goyonsa. Kin zage mu, kin kore mu rafi, kin hana mu batir muna roƙo, kuma duk mangwaron da muka ci shekara huɗun nan akwai kafaɗarki a cikinsa. Mai tsani, mai makulli, na gaishe ki.

Ranar Asabar aka yi taron sallamarta, don gwiwa ta ce ta gaji. Wani jami'in gona ya zo daga gari da mai ɗaukar hoto, da kyautar sabon inji marar nauyi. Rana tsaka ce, bishiyoyi sun yi fure. Bayan jawabi sai ya ce ta goya ta ɗan fesa wa bishiyar nan a ɗauka.

"Sai inuwa ta taɓa ƙofa."

"Mama, ko ruwa ne kawai, don hoto. Muna da wani taron."

"Hoton zai rubuta cewa ruwa ne? Wata a wani ƙauyen ta ga tsohuwa tana feshin fure da rana tsaka, ta ce ashe ana yi."

Jami'in ya ga an riga an miƙa wa Nduku makulli, sai ya juya wajenta da murmushi. Nduku ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa, ta jefa makullin cikin rigarta. "Ranka ya daɗe, da saura." Suka ɗauki hoton shayi suka tafi.

Bayan motar ta ɓace ne Mbuvi ya taso, shekara tamanin a duniya, mutum biyu suna biye da shi ɗauke da sabuwar amya da ya sassaƙa da hannunsa. Gindinta babu tambari. Ƙarfe yana cikin wuta.

"Ba a taɓa ƙona tambarin mace ba," in ji shi, yana kallon gefe. "Ban san wanne zan sa ba."

Ta shiga shago ta ɗauko kumburarren batir ɗin nan na kan taga, ta nuna masa alamu biyun da ke kansa, ta ƙari da ta ragi. "Sa waɗannan." Ya ƙona su. Wani ya tambayi wa zai hau ya rataye ta.

"Tawa ce ko ba tawa ba ce?" in ji Kasiva.

Aka jingina tsani a tsamiya, aka ja amyar sama da igiya. Ta sa ƙafa a taki na farko, gwiwar ta yi ƙararta. Mbuvi ya jefar da sandarsa, ya kama tsanin da hannu biyu, ya riƙe mata har ta sauko.

Mun gode, Maman Mutheu. Allah ya huta da kafaɗar nan. Ku kuma masu karatu, duk wanda zai sayi injin feshi a cikinku, ya sa a cika masa ruwa ya goya tukuna, ya tambayi hannunsa, ya sa wa rana mai tsawatarwa. Kafin ya danna makunni kuma, ya ɗaga kai ya ga wa ke kan furen. In an taru an ce masa haka kowa yake yi, ya tuna akwai tsohuwar da ta ce a'a daga kan tsani. Wanda bai yarda ba ya zo Kyangunu da rana tsaka ya tsaya a ƙarƙashin tsamiyar nan. Amyoyin Ndambuki tara ne yanzu suke da rai, ga tata ta goma, kuma in kana son a ji maganarka a wurin sai ka ɗaga murya.